Me ya haɗa Brett Favre da Green Bay har ta kai ana yi masa ihu a filin da ya raya?

Wani ƙanina ne ya turo min tambaya, yace: "Yaya, na ci karo da wani tsohon bidiyo na ƙwallon Amurka, wani dattijo mai furfura a gemu ya fito fili sanye da farar jesi mai lamba 4 da hular Vikings, fili gaba ɗaya ya ɗau ihu ana zaginsa, kuma wai shekara 16 ya yi yana buga wa masu filin wasa. Me ya yi musu haka? Kuma tsakaninsa da kulob ɗin waye mai laifi?"

To ƙanina, wannan da ka gani Brett Favre ne, ranar 1 ga Nuwamba 2009, a filin Lambeau da ke garin Green Bay a jihar Wisconsin. Na bi wannan rigimar tun daga farkonta a lokacin da take faruwa, kullum da sabon labari kamar wasan kwaikwayo, don haka bari in warware maka ita yadda na fahimce ta, amma sai ka yi haƙuri don ba za ta fahimtu ba sai ka san abu biyu tukunna: waye kwatabak, da kuma wane irin gari ne Green Bay.

Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo, duk wani hari daga hannunsa yake tashi, shi yake karɓar umarnin koci ya faɗa wa sauran, shi yake duba yadda abokan karawa suka jeru ya canza shiri a take in ya ga ba zai yi ba. Kai da ka saba da ƙwallon Turai kada ka kwatanta shi da lamba 10, ya fi kama da gola ta fuska ɗaya: mutum ɗaya ne tak yake bugawa. Ba a raba wa mutum biyu, ba a cewa yau kai gobe wane. In kana da gwanaye biyu to dole ɗaya ya ɗumama benci, kuma na bencin zai iya shekara bai taɓa ƙwallo a wasan gaske ba. Riƙe wannan, nan tushen matsalar yake.

Shi kuma Green Bay ƙaramin gari ne sosai, mutanensa dubu ɗari da 'yan kai ne, wata unguwar a Kano ma ta fi shi jama'a, amma yana da kulob a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, tun zamanin da, sunansa Packers, an kafa shi a 1919. Kuma shi kaɗai ne a cikin kulob 32 na gasar da ba shi da wani attajiri mai shi, na jama'a ne, mutane ne suka sayi hannun jari wanda ba riba ake ba su ba, takarda ce kawai ka rataya a falo kana alfahari. Saboda haka mutumin Wisconsin in yace "kulob ɗinmu" da gaske yake nufi. Sun yi tashe a shekarun 1960 zamanin koci Vince Lombardi, daga nan suka shiga duhu, daga 1968 zuwa 1991 sau biyu kacal suka kai wasannin sili ɗaya ƙwale. Har ta kai a wasu kulob ɗin ana tsorata ɗan wasa da cewa in bai shiga taitayinsa ba za a tura shi Green Bay, ga sanyi ga rashin nasara.

A wannan halin janar manaja Ron Wolf ya ɗauko Favre daga Atlanta a Fabrairun 1992, yaron ƙauye daga Kiln a jihar Mississippi, wanda a shekararsa ɗaya a Atlanta jifa huɗu ya yi, ko ɗaya nasa bai kama ba, biyu ma abokan karawa ne suka cafke. Mutane suka ce Wolf ya zautu da ya ba da zaɓin zagayen farko, wato damar ɗaukar ɗaya daga cikin zaratan yaran da ke fitowa daga jami'a, a kan wannan. A Satumbar shekarar mai bugawa Don Majkowski ya ji ciwo a idon sawu ana wasa da Cincinnati, aka saka Favre, saura daƙiƙa 13 a tashi ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara 24 da 23. Daga mako mai zuwa bai sake fashin fara wasa ba har ya bar kulob ɗin, wasa 253 a jere na kaka ba tare da lissafa na sili ɗaya ƙwale ba. A wasan da ƙattai masu kilo 130 suke rugowa su maka ka da ƙasa! Ya buga da karyayyen babban yatsa a hannun da yake jifa da shi, ya buga da targaɗe, ya buga da komai. Ya zama gwarzon gasa sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ya ciyo musu Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a Janairun 1997 da suka doke New England 35 da 21, karo na farko bayan shekara 29.

Amma ba kofi ne kawai ya sa suke sonsa ba, gaskiya. Mutumin bai iya ɓoye-ɓoye ba. A 1996 ya fito gaban 'yan jarida yace ya kamu da jarabar ƙwayar kashe zafi ta Vicodin ya tafi asibitin gyara. A Disambar 2003 mahaifinsa Irvin ya rasu ranar Lahadi, washegari Litinin da dare ya fito ya buga da Oakland ya jefa yadi 399 da tacdawun huɗu, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa a ci maki, suka ci 41 da 7, har magoya bayan Oakland da aka sani da rashin kunya sai da suka tafa masa. Shekara ta zagayo matarsa Deanna ta kamu da sankarar mama, a 2005 guguwar Katrina ta rushe gidan iyayensa. Duk wannan a idon mutanen Wisconsin aka yi, sun ɗauke shi ɗan gida. Ka ga kuwa ihun da ka ji a bidiyon nan ihun wanda ɗan cikinsa ya ci amanarsa ne, a nasu ganin kenan.

Yanzu inda bango ya fara tsagewa. A Janairun 2005 aka naɗa Ted Thompson janar manaja, wato mai ɗauka da sallamar 'yan wasa. Mutum ne shiru-shiru, ba ya son magana, ba ya son kashe kuɗi a kan manyan sunaye, aƙidarsa ita ce a ɗauko yara daga jami'a a raine su. Shi kuma Favre yana da shekara 35, lokaci yana ƙure masa, so yake a sayo masa gwanaye yanzu-yanzu a sake cin kofi kafin ƙafa ta gaza. Ka ga tun daga nan agogonsu ba ɗaya ba ne. Thompson ya bar Mike Wahle da Marco Rivera suka tafi, ƙattai biyu da suke tare masa gaba. Sai kuma a Afrilun 2005, a diraf, wato ranar da kulob-kulob suke zaɓar sabbin yara daga jami'o'i bi da bi, wani yaro Aaron Rodgers na jami'ar California da ake zaton shi za a fara ɗauka ya yi ta zama a kujera ana tsallake shi awa da awanni a gaban kyamara, har aka zo lamba 24, Thompson ya ɗauke shi. In ka ce an yi wa Favre kishiya ba ka yi ƙarya ba, kuma ba da shawararsa ba. Shi ma bai ɓoye ba, ya faɗa a fili cewa ba a rubuta a kwantiraginsa cewa sai ya koya wa Rodgers aiki ba. Kakar 2005 ta lalace, wasa huɗu suka ci a cikin 16, an cafke jifansa sau 29, aka kori koci Mike Sherman aka kawo Mike McCarthy. Sai na 2007 wanda ya fi ƙona masa rai: Randy Moss, ɗaya daga cikin gwanayen kama ƙwallo da aka taɓa yi, yana kasuwa a arha, Favre ya nace a ɗauko shi, Thompson ya yi sanyin jiki New England ta ɗauke shi da zaɓin zagaye na huɗu kacal, kuma a shekarar Moss ya kama tacdawun 23 daga hannun Tom Brady ya kafa tarihi.

To amma kada ka ɗauka Favre waliyyi ne a labarin nan. Akwai wata ɗabi'a da ya ɗauko wadda ta gajiyar da kowa: duk ƙarshen kaka sai ya koma gonarsa a Mississippi yace yana tunanin ko zai yi ritaya ko zai dawo, kulob ya zauna jiran tsammani. A 2006 sai ƙarshen Afrilu ya ba da amsa, ana dab da diraf. Ka yi tunanin kai ne manaja, kana da iyakar kuɗin da doka ta yarda ka kashe a albashi, wannan mutumin shi yake cin kaso mafi tsoka, ba ka san zai zo ko ba zai zo ba, kuma kasuwar 'yan wasa a Maris take ci. Wallahi ko ni ne sai raina ya ɓaci.

Abin mamaki kakar 2007 sai tsoho ya dawo kamar sabo. Suka ci wasa 13 suka faɗi uku, ya karya tarihin Dan Marino na yawan jefa tacdawun, suka kai wasan da in ka ci ka tafi Super Bowl, kuma a gidansu, ranar 20 ga Janairu 2008 da New York Giants, sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Aka tafi ƙarin lokaci, Favre ya jefa wata ƙwallo mara kan gado Corey Webster na Giants ya cafke, aka buga musu ta raga, wato bugun ƙafa tsakanin sanduna, aka tashi 23 da 20. Jifansa na ƙarshe kenan a jesin Packers, ba wanda ya san haka a daren.

Ranar 4 ga Maris 2008 aka sanar ya yi ritaya, bayan kwana biyu ya zauna gaban 'yan jarida yana kuka wiwi, yace ya san har yanzu zai iya bugawa amma ba ya jin yana so, ya gaji a zuci. In ka tuna kukan Messi ranar barin Barcelona to irinsa ne, bambancin kawai shi Favre da bakinsa yace ya bari. Kulob ya sa ranar da za a jingine lamba 4 don karrama shi, kada wani ya sake saka ta, suka ce Rodgers ne sabon mai jifa, a Afrilu suka ƙara ɗauko yara biyu Brian Brohm da Matt Flynn su tsaya masa a baya, McCarthy ya shiga gyara tsarin wasa ya dace da yaron. A faɗin kulob ma wai a ƙarshen Maris Favre ya nuna alamar yana son dawowa, har suka shirya tashi zuwa Mississippi su karɓe shi hannu bibbiyu, sai ya sake kira yace a'a a bar shi. In hakan ta faru yadda suka faɗa to nan ne suka yanke ƙauna.

Watan Yuni zuwa farkon Yuli jiki ya huta, ciwo ya warke, ƙaiƙayin wasa ya dawo. Ya kira McCarthy, aka nuna masa cewa ai an riga an yi gaba. Nan ne abin da yawancin masu kallon ƙwallon Turai ba sa ganewa yake shigowa. A NFL ritaya ba ta kashe kwantiragi, daskarar da shi take yi. Favre ya sa hannu a kwantiragin shekara goma a 2001, da sauran shekara uku, albashinsa na 2008 dala miliyan 12 ne. Wato ya bar gidan amma igiya tana hannun Packers, ba zai je ko'ina ba sai sun sake shi ko sun yi musayarsa, kuma a can ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi irin na Real Madrid, musaya ake yi da wani ɗan wasa ko da damar zaɓe a diraf. Shi kuma makaminsa ɗaya: in ya rubuta wa shugaban gasa Roger Goodell yace ya fasa ritaya, dole Packers su mayar da shi cikin jerin 'yan wasa su biya shi, ko su rabu da shi. Gaba kura baya sayaki kenan ga Thompson. Ya saka gwarzo sau uku a benci a bayan yaron da bai taɓa fara wasa ko ɗaya ba? Garin zai kama da wuta. Ya mayar da Rodgers benci shekara ta huɗu? Kwantiragin yaron zai ƙare bayan kakar 2009, zai tafi a banza ba a ma san iyawarsa ba, alhali a Nuwambar 2007 da Favre ya ji ciwo a Dallas yaron ya shigo ya nuna akwai abu a hannunsa, kuma kociyoyi shekara uku suna ganinsa a atisaye kullum. Ya sake shi kyauta? To ai kowa ya san inda zai dosa.

Minnesota. Wannan ita ce kalmar da ta mayar da saɓani ya zama gaba. Vikings maƙwabtansu ne, tafiyar awa huɗu da ɗoriya a mota, rukuninsu ɗaya tare da Chicago da Detroit, sau biyu suke haɗuwa duk shekara, kuma a lokacin suna da komai, suna da Adrian Peterson mai gudu da ƙwallo, suna da tsaro mai ƙarfi, mai jifa kawai suka rasa. Mai tsara musu hari Darrell Bevell abokin Favre ne, tsohon kocinsa a Green Bay, tsarin wasansu ma kusan iri ɗaya da wanda ya haddace shekara 16. Ranar 11 ga Yuli Favre ya nemi a ba shi takardar sakinsa ba tare da sharaɗi ba, Packers suka ce faufau. Bayan kwana uku ya bayyana a Fox News wajen Greta Van Susteren, wadda ita ma 'yar Wisconsin ce, ya zazzage cikinsa: wai matsa masa aka yi ya ba da amsa da wuri shi ya sa yace ritaya, wai Thompson ba ya gaya masa gaskiya, ya jero maganar Moss da su Wahle duka. Kamar hirar Ronaldo da Piers Morgan a 2022, daga ranar ka san zama ya ƙare. Su kuma Packers suka kai ƙarar Vikings wajen hukumar gasa cewa suna zuga ɗan wasansu ta bayan gida, aka bincika aka ce ba a sami laifi ba.

Sai kuma kulob ya yi abin da a ganina shi ne babban kuskurensu. A ƙarshen Yuli shugaban kulob Mark Murphy ya tashi takanas zuwa Hattiesburg ya gana da Favre da ejan ɗinsa Bus Cook, aka yi masa tayin kusan dala miliyan 20 a shekara goma, da sunan aikin talla da jakadanci, ya zauna a gida. Ko me suka kira shi, abin da duniya ta ji shi ne: ga kuɗi, don Allah kada ka zo. Mutumin da ya buga da karyayyen yatsa, ka ce za ka biya shi don kada ya buga? Haba. Ko da niyyar kirki aka yi, lokacin bai dace ba sam.

Goodell ya amince da dawowarsa, ranar Lahadi 3 ga Agusta ya sauka a Green Bay a ƙaramin jirgi, mutane sun taru a filin jirgi ana haskawa kai tsaye a talabijin, a daren kuma dubban mutane suna Lambeau kallon atisayen kulob, wasu suna yi wa Rodgers ihun ba ma yi. Yaron nan ya sha zagi a makonnin nan ba kaɗan ba, alhali shi ba abin da ya yi illa an ɗauke shi aiki. Favre da McCarthy suka kulle kansu a ofis awanni suna magana, aka fito McCarthy yace shi bai ga mutumin da zuciyarsa take Green Bay ba, duk maganarsa a kan abin da aka yi masa ne. Shi ma Favre ya yarda ɓarakar ta yi girman da ba za ta ɗinku ba. Daren 6 ga Agusta aka tura shi New York Jets, can wani ɓangaren gasar da ba za su haɗu ba, aka kuma saka wani sharaɗi mai dafi: in Jets suka kuskura suka miƙa shi Minnesota sai sun biya Packers zaɓin zagayen farko har uku. Abin da Packers suka samu a musayar zaɓin zagaye na uku ne, kuma wani abin sha'awa, yana cikin abin da suka haɗa suka ba New England a 2009 suka ɗauko Clay Matthews, wanda ya zama ginshiƙin tsaronsu.

Shekarar Jets ba sai na ja ta ba. Sun fara da kyau, takwas da uku, jijiyar dantsensa ta yage, suka faɗi huɗu a biyar na ƙarshe, aka kori koci, ya sake cewa ya yi ritaya a Fabrairun 2009. A lokacin ne ma ya amsa wa wani ɗan jarida cewa wani ɓangare na dawowarsa don ya ƙuntata wa Ted Thompson ne. Jets suka ɗauki Mark Sanchez suka sake shi, kuma ka lura, sharaɗin nan musaya ya hana, bai hana saki ba. Ranar 18 ga Agusta 2009 sai ga shi a Minnesota, kocinsu Brad Childress da kansa ya tuƙo shi daga filin jirgi, jirgi mai saukar ungulu na 'yan jarida yana bin motar ta sama.

Daga ranar mutanen Wisconsin da yawa da suke bayansa suka juya. Jets an yafe, amma Vikings? Kamar Figo daga Barcelona zuwa Madrid. Aka yi ta ƙona jesi, ana rubuta maci amana a kwali. Kuma ramuwar gayya ya yi ta sosai: ranar 5 ga Oktoba a Minneapolis, saura kwana biyar ya cika 40, ya doke su 30 da 23, ya zama mai jifa na farko da ya taɓa cin duka kulob 32. Sai wasan bidiyonka, ya shigo ana ihu kamar filin zai tsage, ya jefa tacdawun huɗu ya ci su 38 da 26 ya kama gabansa. A kakar gaba ɗaya tacdawun 33, sau bakwai kacal aka cafke jifansa, a alƙaluma bai taɓa yin shekara mai tsafta haka ba ko a ƙuruciya. Suka kai wasan shiga Super Bowl a New Orleans, an daddake shi kamar sakwara har yana ɗingishi, daga baya ma aka hukunta Saints, kulob ɗin New Orleans ɗin, kan tsarin biyan 'yan wasa lada in sun raunata abokin karawa, saura daƙiƙu a tashi ana 28 da 28 suna dab da inda za a buga ta raga, ya gudu dama ya jefo ƙwallo tsakiya, abin da ake hana ɗan koyo, Tracy Porter ya cafke. Sak irin ta Giants. Wannan shi ne Favre, hannun da yake ba ka shi yake ƙwacewa, shi ya sa har yau shi ke riƙe da tarihin yawan jifan da aka cafke, 336, ga kuma tacdawun 508.

2010 kuwa jiki yace ya isa. Packers suka doke shi sau biyu, na biyun 31 da 3 washegari aka kori Childress, a Disamba kafaɗa ta hana shi fita jerin wasanninsa ya tsaya a 297, sannan ranar 6 ga Fabrairu 2011 Rodgers ya ɗaga Super Bowl bayan doke Pittsburgh 31 da 25, shi ne ma gwarzon wasan.

To waye mai laifi? Ni dai ra'ayina, kuma na san akwai masu musu, kowannensu yana da gaskiya a abin da yake iƙirari. Favre yace zai iya bugawa, 2009 ta gaskata shi. Thompson yace lokacin yaron ya yi, 2011 ta gaskata shi, ya musanya shekara biyu na tsoho da shekara 15 na Rodgers, duk manajan da ya san aikinsa haka zai yi. Rigimar a kan wa ke da ikon cewa an gama ne. Favre ya saba shekara da shekaru shi yake yanke wa kansa, ƙofa a buɗe take duk ranar da ya ga dama, ranar farko da ya tura ya ji ta a kulle sai ya ɗauka cin mutunci ne. Laifinsa shi ne ya yi wasa da kalmar ritaya har ta zama ba ta da nauyi, kuma da ya ga an ƙi shi sai burinsa ya koma ramuwa, in ba haka ba me ya sa lallai sai Minnesota. Laifin Thompson da mutanensa kuma ƙumbiya-ƙumbiya. A zuciyarsu sun gama da shi amma ba mai ƙarfin halin zama da shi ido da ido tun a Yuni yace Brett mun gode, ba ma buƙatarka, zo mu nemo maka wuri cikin mutunci. Sai yau a ce zai iya dawowa amma a benci, gobe a ce zai yi takara da yaron, jibi a kai masa kuɗi gida. Kwatanta da yadda Indianapolis ta rabu da gwanin mai jifanta Peyton Manning a Maris 2012, mai kulob Jim Irsay ya tsaya kusa da shi a taron manema labarai su biyun suna share hawaye, aka sake shi ya zaɓi Denver da kansa. Sai dai a yi wa Packers adalci, Manning bai ce zai koma gidan maƙwabci ba. In dole sai na raba, zan ba Favre kaso mafi girma kaɗan, shi ma a 2013 ya faɗa a wata hira ta rediyo cewa yana da laifi, kodayake ya ƙara da cewa kowane ɓangare da nasa.

An shirya daga baya. A Fabrairun 2013 shi da Rodgers suka fito dandamali ɗaya a bikin karramawar NFL suka yi musabaha ana dariya, a Yulin 2015 mutum kusan dubu 67 suka cika Lambeau ba don wasa ba, don kawai su tarbe shi, suka miƙe suna tafi mintuna yana hawaye, a Nuwambar shekarar aka buɗe lamba 4 a jikin bangon filin, tsohon gwarzonsu Bart Starr da ke fama da ciwon shanyewar jiki aka kawo shi a ƙaramar mota suka rungume juna cikin ruwan sama. Sunansa ya sake ɓaci daga baya kan badaƙalar kuɗin tallafin talakawa a Mississippi, ya mayar da dala miliyan 1.1 kuma ba a gurfanar da shi kan laifi ba, a 2024 kuma ya bayyana cewa yana da cutar Parkinson, amma wannan wani zancen ne daban.

Abin da zai ba ka dariya, a Afrilun 2020 sabon janar manaja Brian Gutekunst, wanda ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin Thompson, ya ɗauko wani yaro mai jifa Jordan Love a lamba 26 ba tare da ya gaya wa Rodgers ba, Rodgers yana da shekara 36. Ya fusata, ya zama gwarzon gasa sau biyu a jere, ya yi ta jan kulob da zan zauna ba zan zauna ba, Love ya yi shekara uku cif a benci, a Afrilun 2023 aka yi musayar Rodgers. Kuma ka san ina aka tura shi? New York Jets.